Rumbun da Alhaji Munkaila Ya Zana

Kolejinmu na Tudun Gawo, wanda ke gefen hanyar da ta tashi daga Dogon Dutsi ta nufi Matankari, iyayen yara ne suka gina shi da hannunsu a shekarar 1994. Tun daga wannan shekara ni Sulemanu, tsohon mushen lakol, wato malamin makaranta, nake riƙe da littafin taronsu, kuma babu shafin da ya ɓata a hannuna. Duk shekara uku, bayan an gama ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, iyaye kan taru su zaɓi shugaban ƙungiyarsu. Muƙamin ba ƙarami ba ne, domin makarantar ta iyaye ce, kuma abin da shugaba ya kai wa darakta game da darussan da ba a jarrabawa a kansu, da wuya a musa masa.

Yawancin iyayen manoma ne da ba su yi boko ba, saboda haka ba mu zaɓe da takarda. Kowane ɗan takara yakan zaɓi alama, a zana ta a jikin kwali, a huda kwalin, a ajiye shi cikin aji. Sai a ba kowane uba ko uwa ƙwallon aduwa guda wanda aka rina da shuni, ya shiga shi kaɗai, ya jefa a kwalin wanda yake so. Da tsakuwa muka fara, har zuwa zaɓen 1997, ranar da tsakuwa ta fi mutane yawa da goma sha ɗaya.

Mai zana alamun nan tun shekarar 2002 ita ce Madam Béatrice, malamar zane, Kirista daga unguwar mishan ta Dogon Dutsi. Awa biyu take da su a kowane aji cikin mako, kuma ba ta koyar da komai sai zane. Duk ranar da aka soke darasin, ranar za a sallame ta. Wannan kowa ya sani, ita ma ta sani.

Tana da ɗabi'a guda wadda ta sha jawo mata magana. Takan ɗora ƙwarya ko kalmen noma ko reshen gawo a kan tebur, ta hana kowa taɓa kiriyon, wato fensir, sai an yi minti goma sha biyar ana kallon abin, babu mai cewa uffan. Yara suka sa masa suna darasin zuru. Wasu iyaye sun yi gunaguni. Ni ban taɓa yi ba, domin na ga inda zurun ya kai mutane. Allunan shagunan da ke bakin kwalta a Dogon Dutsi, kusan rabinsu ɗalibanta ne suka zana. Telolin da ke fitar da sabon aiki a wuyan riga, da yawansu a gabanta suka fara jan layi. Akwai ma wata ɗalibarta da ke aiki a ɗakin shan magani na wani ƙauye, wadda da hoton rana da wata take nuna wa mata lokacin ba yaro magani, suna fahimta ba sai ta maimaita ba.

Bara ne Alhaji Munkaila ya fito takara. Ɗan kasuwa ne mai sayar da wayoyin hannu da kayansu, shekarunsa arba'in da ƴan kai, mutum mai tsafta da tsare salla, wanda ya sha tsayawa bayan jam'i yana jan kunnen mutane game da bori da yanka wa iskoki. Mahaifinsa manomi ne. Shi kuwa hatsi a buhu ya san shi. Abokiyar takararsa ita ce Malama Hasiya, tsohuwar unguwarzoma, wadda rabin iyayen da kansu a hannunta aka haife su.

A taron gabatar da ƴan takara, ƙarƙashin gawon makaranta, Malama Hasiya ta yi magana a kan rijiya da makewayin ƴan mata. Da aka tambaye ta zancen zane, ta ce abin da ta tarar shi za ta bari. Alhaji Munkaila kuwa manufarsa guda ce, kuma ya faɗe ta a tsaye, yana gyara hannun riga.

“Jama'a, mun aiko ɗiyanmu su yi karatu, an zaunar da su suna kallon ƙwarya. Ƙwarya akwai ta gida. In kun zaɓe ni, awa biyun nan na zane zan mayar da su darasin ordinatar, kwamfuta ke nan, abin da duniya take ciki yanzu.”

Madam Béatrice na zaune a bencin malamai, jakarta bisa cinya. Ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

“Alhaji, makarantar ba ta da wutar lantarki, kuma ba ta da ordinatar ko guda.”

“Kafin a samu, sai a nuna musu a tablo, allon aji.”

“To, madalla. Wa zai zana musu ita a tablon?”

Aka yi dariya, amma ba ta yi yawa ba, domin Alhaji yana da mutane, kuma cikinsu akwai samarin kasuwa masu kaifin baki, irin su Abdul'aziz, maƙwabcinsa a shago kuma abokin sahunsa a masallaci. Alhaji ya jira dariyar ta lafa.

“Madam, ina ganin girmanki. Amma zane ba ilmi ba ne. Duk wanda Allah ya ba hannu da ido yana iya yi.”

Na so in tuna masa cewa allon da ke saman shagonsa, mai hoton waya da ke kiran mutane tun daga tasha, Luƙman ne ya zana shi, ɗalibin Madam na shekarar 2010. Sai dai mai riƙe da littafi ba ya shiga gardamar ƴan takara. Haka aka yi tun farko, ni kuma ba zan zama na farkon karyawa ba.

Da aka zo zaɓen alama, Malama Hasiya ta ce tulu. Madam ta rubuta, ta juya.

“Kai fa, Alhaji, me zan zana maka?”

“Rumbu. Amma ba ke za ki zana ba. Ni zan zana abina, don jama'a su ga gaskiyar abin da na faɗa.” Ya dube ni. “Baba Sulemanu, doka ta hana?”

Na buɗe littafi, ko da yake ban bukaci buɗewa ba. A zaɓen 2000, Halilu tela ya zana almakashinsa da kansa, aka karɓa. Na ce doka ba ta hana ba. Ban ƙara da cewa Halilu ya yi shekara talatin yana kallon almakashi ba, tun da ba a tambaye ni ba.

Ranar zaɓe ta kama Asabar. Tun da hantsi amalanke da babura suka cika filin makaranta, iyaye ɗari da arba'in cif. Alhaji ya iso da kwalinsa a lulluɓe cikin sabon tawul, ya ce kada wani ya gani kafin lokaci ya kwaikwaya. Shi da kansa ya shigar da shi aji na ɗaya, ya ajiye kusa da tulun Madam, ya fito yana murza hannu. Bisa al'ada, mai riƙe da littafi ne yake fara shiga ya duba kwalaye babu komai a ciki. Na shiga.

Tulun dai tulu ne; mutum ya ga kamar ya sa moda ya ɗebo. Na juya ga ɗayan, na daɗe a tsaye.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san rumbu ba ya zama a ƙasa. Bisa duwatsu ake ɗora shi, saboda gara da ɓeraye da damshi. Kuma ba shi da ƙofa. Hularsa ake ɗagawa a shiga ta sama. Na Alhaji kuwa zaune yake daram a ƙasa, gajere, da ƴar hular ciyawa, da ƴar ƙofa a gindi, domin a saninsa kowane gini da ƙofa yake. Don ya ƙara masa kwarjini, ya kafa sanda a gefe, ya zana mata farin ƙyalle, wai tutar nasara. Sa'annan, da ya zo huda kwalin, bai ga wurin da ya fi dacewa ba sai ƴar ƙofar nan.

Abin da ya zana, ba tare da ya rage ko layi guda ba, shi ne ɗakin doguwa, wadda wasu ke kira Uwar Gona: ƴar bukkar nan da gidajen gargajiya ke yi wa iskar gidansu a bayan danga ko a bakin gona, inda ake miƙa mata abin da take so ta ƴar ƙofa. Da ya yi niyyar zana shi, ba na tsammanin zai fito haka da kyau.

Na yi tunanin in kira shi. Amma aikina shi ne in duba ko kwali babu komai a ciki, kuma babu komai a ciki. A zaɓe goma da suka gabata, mai riƙe da littafi bai taɓa yin sharhi a kan alamar ɗan takara ba. Na fito na sanar: tulu na Malama Hasiya, rumbu na Alhaji Munkaila, a fara.

Mutum na bakwai da ya shiga shi ne Abdul'aziz. Ya shiga da sauri, ya daɗe, ya fito a hankali. Ya zo teburina ya ajiye ƙwallonsa.

“Baba, riƙe abinka.”

“Ba ka jefa ba?”

“Ban jefa ba. Hannuna ba ya shiga wannan ƙofa.”

Ya wuce ya zauna nesa da Alhaji, bai dube shi ba. Bayansa aka yi ta samun irinsa, duk daga cikin mutanen Alhaji na masallaci: mutum ya shiga, ya fito, ya ajiye mini ƙwallo yana neman tsari ƙasa-ƙasa. Dokar zaɓe ta hana wanda ya fito magana da wanda bai shiga ba, saboda haka Alhaji yana ganin fuskoki suna sauyawa, bai san dalili ba. Ya ɗauka nauyin amana ne ya kama su.

Tsofaffin matan ƙauyuka kuwa, waɗanda kowa ya san don Malama Hasiya suka hawo amalanke, su ma sun daɗe a ciki. Na lura wasu suna cire takalmi a bakin ƙofar aji, abin da ban taɓa gani ba a zaɓe. Inna Zalihatu, wadda ta fi su shekaru, ta fito tana ɗaure bakin zanenta, fuskarta a sake kamar wadda ta ga ɗan'uwa a baƙon gari.

Bayan azahar aka fito da kwalayen gaban jama'a, har yanzu Alhaji yana murmushi. Na juye na tulu: arba'in da shida. Waɗanda aka maido mini: ashirin da uku. Na juye na Alhaji a kan tabarma. Ƙwallo saba'in da ɗaya suka zubo, tare da goro huɗu, da ƙullin auduga, da sukari ƙwaya biyu, da ɗan tsinken turare.

Na sanar cewa Alhaji Munkaila ya ci zaɓe. Babu wanda ya tafa daga ɓangarensa. Guɗa ta tashi daga ɓangaren tsofaffin mata.

Inna Zalihatu ta taso da sandarta, ta zo gabansa ta ɗan rusuna.

“Ɗana, Allah shi yi maka albarka. Mu mun ɗauka ka raina na gida. Ashe ɓoyewa kake.”

“Inna, na gida wane?”

“Kai dai. Mu don Hasiya munka zo, ba mu ɓoye ba. Amma wa ke wuce ɗakin Uwar Gona da abu ga hannu shi kai ma tulu? Wace ce taku, fara ko baƙa? Na ga ƙyallen fari ne. In fara ce, farar kaza za a nema, kada ka bari a yi maka ha'inci ga kasuwa.”

Alhaji ya dubi kwalin. Ina jin a wannan lokacin ne ya fara kallonsa.

“Rumbu ne,” in ji shi.

Wani manomi daga baya ya ce, “Alhaji, rumbun naka ina ƙafafunsa?”

Wani ya ce, “Ƙofa ga ƙasa? Ai awaki sun gode.”

Abdul'aziz bai yi dariya ba. Ya ce, “Alhaji, shekara nawa muna tsayawa tare muna yi wa mutane wa'azi? Yau ga ka shugaba, da goro huɗu da turare. Gobe wa zai saurare mu?”

Alhaji ya juyo gare ni, gumi na bin wuyan rigarsa.

“Baba Sulemanu, a soke wannan zaɓe.”

Na buɗe littafi, wannan karon a hankali, na nemo shafin 2006. A wannan shekara akuya ta shiga aji ta cinye rabin zakaran da aka zana wa wani ɗan takara, abin da ya rage ya koma kamar ungulu. Taro ya yanke hukunci, aka rubuta: ba a soke zaɓe saboda alama sai mai alamar ya tsaya gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa alamarsa ba ta nuna abin da yake nufi ba, kuma ya roƙi malamin zane ya sake masa ita. Na karanta sau biyu, da Faransanci da Hausa. Na ƙara da cewa in bai so ba, babu tilas: kujerar tasa ce, shekara uku, kuma ran Litinin yana iya soke darasin zane.

Madam Béatrice na zaune inda take tun safe, jakarta bisa cinya, ba ta dubi kowa ba. Aikinta na shekara ashirin da biyu yana hannun mutumin da ke tsaye, kuma ya ci zaɓe da halaliyar ƙuri'a. Abin da kawai zai biya shi ne a riƙa nuna shi a kasuwar Dogon Dutsi ana cewa ga Alhajin da doguwa ta naɗa.

Inna Zalihatu ta ce, “Bar shi haka nan, ɗana. Mu mun yarda da kai.”

Ina tsammanin wannan ce ta ƙarasa shi. Ya gyara tsayuwa, ya ce, murya ƙasa, “Alamata ba ta nuna abin da nake nufi ba.”

“Na baya ba su ji ba,” in ji ni. Haka aka yi wa mai zakara a 2006.

Ya maimaita da ƙarfi. Sa'annan ya juya. “Madam, ina roƙon ki zana mini rumbu.”

Ta tashi, ta ɗauki kiriyon da sabon kwali.

“Zan zana, Alhaji. Amma ka san ƙa'idata, ita ce ka yi kamfe a kanta. Ba a taɓa kiriyon sai an duba.”

Akwai rumbu uku a gidan da ke bayan makaranta. Aka ɗauki benci aka kai gaban na tsakiya. Alhaji Munkaila ya zauna da babbar rigarsa, Madam a ɗaya gefen bencin, iyaye ɗari da talatin da tara tsaye a bayansu, ni kuma riƙe da agogo. Minti goma sha biyar lokaci ne mai tsawo ga wanda bai saba ba. A minti na huɗu ya taɓa aljihu inda wayarsa take, Madam ta dubi hannun, ya janye. A na tara, na ga ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin rumbun.

Da lokaci ya cika ta ce, “Duwatsu nawa?”

“Tara.”

“Ƙofa fa?”

“Babu.” Sa'annan ya ce, kamar da kansa yake magana, “Na mahaifina ma haka yake. Ni ake ɗagawa a saka ta sama.”

Cikin minti biyar ta zana rumbu bisa duwatsunsa tara, da hularsa a ɗan karkace kamar yadda take, har da tsanin da aka jingina. Ta huda kwalin a sama, inda hatsi ke shiga.

Aka sake raba ƙwallo, aka sake zaɓe kafin la'asar. Wannan karon babu wanda ya cire takalmi, babu wanda ya maido mini da komai. Abdul'aziz ya jefa wa abokinsa, ya fito da fuska a sake. Rumbu ya samu hamsin da shida, tulu tamanin da huɗu. Ran Litinin Madam Béatrice ta shiga aji na ɗaya da ƙwarya a hannu, kamar kowace Litinin.

Bayan mako guda Alhaji ya zo gidana da yamma, muka gaisa da mutunci, ya ce yana son a maido masa da kwalinsa na farko. Na nuna masa shafin 1997, inda aka rubuta cewa duk kayan zaɓe mallakar makaranta ne. Ya ce ai kwali ne kawai. Na ce tsakuwa ma tsakuwa ce kawai, kuma tana nan cikin gwangwani a ofishin darakta.

Kwalin yana bisa kantar littattafai a ajin Madam. Takan sauko da shi ranar farko ga sababbin ɗalibai, ta ajiye gabansu minti goma sha biyar, sa'annan ta tambaye su me suka gani. Ba ta taɓa faɗin sunan wanda ya zana ba, ba ta kuma bukata. Ta gaya mini cewa ranar taron iyaye takan juya fuskarsa ga bango, domin sau biyu tana tarar da goro a ciki.